GIDAN KIFI DA YADDA ZA MU TSARE SHI

Ku tambayi kowane tsohon masunci a Shanga, ko Yelwa, ko Wara, ku ce, "Baba, yaya kifin da da na yanzu?" Amsa ɗaya za ku ji. Zai ce a zamanin ƙuruciyarsa a kan kama giwan ruwa wanda sai ƙarti biyu sun haɗu kafin su ɗora shi cikin jirgi. Zai ce yanzu mutum ya kan kwana bisa ruwa, gari ya waye ya komo da ɗan abin da bai cika ƙwarya ba. Ga tsadar taru, ga tsadar man inji, ga iyali suna jira.

Ruwa ba ya tsami banza. In kifi ya ragu, lalle akwai dalili. Babban dalilin shi ne wannan: kifi yana da gida, kamar yadda mu ke da gida. Yana da wurin da ya ke yin ƙwai, da wurin da 'ya'yansa su ke ɓuya, da wurin da su ke kiwo har su girma. In aka rushe wannan gida, ko aka kwashe 'ya'yan tun suna ƙanana, to, ko ruwa ya kai ina, babu kifi a cikinsa.

Ba mu kaɗai wannan magana ta shafa ba. Bari mu fara duba yadda abin ya ke ga masuntan teku, sa'an nan mu komo gida.

MURJANI, GIDAN KIFIN TEKU

Dukanmu mun san murjani, jan dutsen nan da mata su ke ado da shi. Amma da yawa ba su san abu ne mai rai ba. Wata 'yar halitta ce ta cikin teku, mai taushi, mai baki ɗaya da hannuwa kewaye da bakin. Ta kan gina wa kanta ɗan ƙoƙo mai tauri irin na farar ƙasa, ta zauna ciki. In ta mutu, 'yan'uwanta su yi gini bisa nata ƙoƙon. Da haka, shekara bisa shekara, sai ginin ya zama tudu, ya zama dutse mai rassa da ramuka da lunguna. Jan murjani na ado daga Bahar Rum a ke samun yawancinsa. Irin wanda ya ke gina manyan duwatsu kuwa, a tekun ƙasashe masu zafi ya ke.

Ginin nan ba ya sauri. Wani irinsa, abin da ya ke ƙaruwa a shekara bai wuce faɗin yatsa ɗaya ba. Duk da haka, a gefen ƙasar Ostareliya akwai jerin duwatsun murjani da tsawonsa ya kai wajen kilomita 2,300. A Bahar Maliya ma, kusa da Jidda inda alhazanmu su ke sauka, akwai shi da yawa. A gaɓar tekun Nijeriya babu irin waɗannan duwatsu, domin murjani yana son ruwan gishiri garau, Kwara da sauran koguna kuwa suna zuba laka da ruwan daɗi a wurin.

In aka raba ƙasan teku kashi 100, duwatsun murjani ba su cika kashi 1 ba. Amma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren kifin teku a nan su ke zaune. Me ya sa? Domin a nan su ke samun abinci da mafaka. Ƙaramin kifi ya shige rami, babba ba shi da hanyar kai masa.

Abu uku su ke kashe murjani. Na ɗaya zafi. A cikin jikinsa akwai waɗansu 'yan tsire-tsire da ido ba ya gani, su ne su ke ciyad da shi, su ne kuma su ke ba shi launi. In ruwa ya yi zafi fiye da kima har makonni, sai ya fid da su, ya yi fari fat, yunwa ta kama shi. An ga haka a tekuna da yawa a 1998, an kuma gani a 2016. Na biyu ƙazanta da laka, waɗanda su ke rufe shi su tare masa hasken rana. Na uku mugun su, watau jefa nakiya ko zuba guba. Nakiya ɗaya ta kan farfasa ginin shekaru masu yawa cikin ƙiftawar ido.

ABIN DA MUTANEN AFO SUKA YI

A ƙasar Filifin akwai wani ɗan gungu cikin teku, sunansa Afo. Mutanensa masunta ne. An yi ta su da nakiya da farfasa murjani a wurin har kifi ya ragu ƙwarai. A 1982, bisa shawarar waɗansu malaman jami'a na ƙasarsu, suka keɓe wani ɗan yanki na murjaninsu, suka ce kada kowa ya yi su a ciki. Suka kuma bar nakiya. Da fari waɗansu sun yi gunaguni, suna cewa an rage musu wurin neman abinci. Amma da shekaru suka tafi, kifi ya hayayyafa a wurin da aka keɓe, ya yi girma, ya riƙa fitowa waje inda a ke su. Kamu ya ƙaru. Daga baya garuruwa da yawa na ƙasar suka yi koyi da su.

Mu riƙe wannan labari, za mu komo kansa.

INA NE GIDAN KIFINMU?

Mu ba mu da murjani, amma Allah ya ba kifinmu nasa gida. Gidan kifin Kwara da tafkin Kainji shi ne burugu da sauran ciyawar bakin ruwa, da fadamun da ruwa ya ke shafewa, da 'yan rafuka da tafkuna, da duwatsu, da kututturan itatuwan da ke ƙarƙashin ruwa.

Kowace shekara ruwa biyu ya ke zo mana. Na fari shi ne farin ruwa, wanda ya ke zuwa da damina, daga wajen watan Agusta zuwa Oktoba. Ruwan saman ƙasashenmu ne, na Sakkwato da Zamfara da Kebbi da maƙwabta, ya kwaso laka, shi ya sa ya ke gurɓace. Na biyu shi ne baƙin ruwa, wanda ya ke isowa da sanyin hunturu. Shi wannan daga duwatsun ƙasar Gini ya ke tasowa. Ya kan bazu cikin manyan fadamun ƙasar Mali, ya daɗe a can, lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya biyo ta Tumbuktu da Gawo da Yamai da Gaya, ya iso mana garau bayan watanni.

Sa'ad da ruwa ya fara hawa ya shiga ciyawa, shi ne lokacin haihuwar kifi da yawa. Ku duba yadda kowane ya ke yi.

Karfasa, namijin ya kan share ɗan gurbi a ƙasa inda ruwa ba shi da zurfi. Macen ta zuba ƙwai a ciki, sa'an nan ta kwashe su ta riƙe cikin bakinta. Ta kan yi mako ɗaya ko biyu a haka, ba ta cin kome, har su ƙyanƙyashe. Ƙwan da ta ke riƙewa ya kan kai ɗaruruwa, babba kuwa har fiye da 1,000. Wanda ya kama karfasa da ƙwai a baki, ba kifi ɗaya ya kashe ba.

Bargi ya kan shiga tsakiyar ciyawa ya share fili zagayayye, ya yi sheƙa, ya tsare 'ya'yansa. Yauni ma da ciyawa ya ke yin tasa sheƙa, tana yawo bisa ruwa. Tarwaɗa ta kan hau fadama da daren da aka yi ruwa mai yawa, ta zuba ƙwai su manne ga ciyawa. Faliya da kawara da waɗansu su kan bar tafki su bi kogi sama, su shiga fadamu su hayayyafa.

A nan ne maganar ta zo kanmu, mu mutanen ƙasar Shanga. Mu muna sama da tafki, inda kogi ya ke da gungaye da fadamu masu faɗi. Kifi da yawa da a ke kamawa a Yelwa da Wara, har can ƙasa wajen madatsa, a irin fadamunmu ya fara rayuwa. Watau ɗakin haihuwa yana hannunmu. In mun tsare shi, mu da 'yan'uwanmu na ƙasa mun ci riba. In mun ɓata shi, duka mun yi hasara.

ABIN DA YA FARU BAYAN AN TARE KOGI

An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka tare kogi a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon wajen kilomita 136, faɗinsa kuwa a inda ya fi faɗi wajen kilomita 24. Tsohuwar Busa ta nutse, haka yawancin gungun Foge da gungaye da yawa na Gungawa. Aka ta da mutum wajen 44,000, aka sāke musu mazauni.

Da fari kifi ya yi yawa ƙwarai, musamman faliya, domin gonaki da dazuzzukan da ruwa ya ci sun ruɓe sun zama abinci. Masunta suka zo daga ko'ina. Ma'aikatan binciken kifi, waɗanda aka kafa musu wurin aiki a Sabuwar Busa tun 1968, sun ƙiyasta kamun shekarar 1971 ya kai wajen tan 28,000. Kafin 1978 ya sauko zuwa wajen tan 4,500. Wani ɓangare na wannan raguwa ba laifin kowa ba ne, haka sabon tafki ya ke yi in abincin farko ya ƙare. Amma wani ɓangaren aikin hannun mutane ne. Da manyan kifi suka yi wuya, sai aka koma ga taru mai ƙananan idanu. Da wannan ya gaza, aka ƙara ƙanƙanta idon. Kowa yana tsoron in ya bar ƙaramin kifi, wani zai kwashe.

A 1993 Gwamnatin Nijeriya da ta Jamus suka fara wani aiki na gyaran sha'anin su a tafkin. Suka yi aiki tare da sarakuna da hakimai da sarakunan ruwa. A cikin shekarun nan ne jihohin Kebbi da Neja suka kafa dokokin su, aka fara yanka wa masunta lasin, aka kuma hana tarun dala. Tun 1992 ma Gwamnatin Tarayya ta riga ta hana su da guba ko nakiya ko lantarki a ruwayen cikin ƙasa. Amma doka ba ta tsare kanta. Sai mutanen wuri sun yarda da ita, sun tsaya a kanta.

ABUBUWA BIYAR MASU RUSHE GIDAN KIFI

Na ɗaya, tarun dala da duk wani taru mai ido irin na gidan sauro. An ce don warangi a ke jansa. To, amma a bakin ruwa a ke jansa, inda 'ya'yan karfasa da faliya da giwan ruwa su ke kiwo. Ya kan kwashe su duka, ya kuma share gurabun ƙwai da ke ƙasa. Warangi kansa shi ne abincin giwan ruwa da tsage. In an ƙare shi, su me za su ci?

Na biyu, yankan ciyawa don kamun kifi. A kan kewaye burugu da taru, a sassare shi, a kama duk abin da ya ɓuya a ciki. Wannan daidai ya ke da mutumin da ya ƙone rumbu don ya kama ɓera. Burugu abincin shanu ne da rani, ba mu ce kada a taɓa shi ba. Amma a yanka sama a bar saiwa, a yanka nan a bar can, kada kuma a taɓa shi lokacin haihuwar kifi.

Na uku, guba. Tun da can akwai masu zuba magimfa a ruwa. Daga baya aka sami masu zuba maganin ƙwari, irin su Gammalin 20, wanda aka yi don feshin gonakin koko. Guba ba ta zaɓe. Ta kan kashe babba da ƙarami da ƙwai, har da 'yan ƙwarin da kifi ya ke ci. Wanda ya ci kifin, da wanda ya sha ruwan a ƙasa, da dabbobinsa, duka suna cikin hatsari. Manoman shinkafa da albasa su ma su kula. Kada a wanke tulun feshi a kogi, kada a jefa gwangwanin magani a ruwa. A haƙa rami nesa da ruwa a binne.

Na huɗu, wankin zinariya. Ƙasar Yawuri tana da zinariya, mutane da yawa suna cin abinci da ita. Amma lakar wanki in ta gangara rafi ta kan binne ƙwan kifi. Zaiba kuwa, wadda a ke kama zinariya da ita, ba ta ruɓewa. Ta kan shiga jikin ƙaramin kifi, babba ya ci ƙarami, mutum ya ci babba. A garin Minamata na ƙasar Jafan, a 1956, aka gano wata cuta mai lalata jijiya da ƙwaƙwalwa. Da aka bincika, sai aka tarar zaiba ce da wata masana'anta ta ke zubawa a teku ta shiga kifin da mutane su ke ci. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Na biyar, baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. Ta bayyana a ruwan Legas wajen 1984, bayan 'yan shekaru aka gan ta tana gangarowa Kwara zuwa tafkinmu. Tana iya ninka kanta cikin mako biyu. In ta rufe ruwa, sai ta tare haske da iska, ta toshe mashigin jirage, ta nannaɗe taru. An taɓa gitta shinge bisa kogi a wajen Zamare don a tare ta. Amma maganinta na kullum shi ne gayya: a jawo ta tudu tun tana kaɗan, a shanya, a ƙone ko a yi taki da ita.

BARI MU YI LISSAFI

A ce wani ya ja dala ya sami mudu ɗaya na 'ya'yan karfasa. A ce guda 500 ne a cikin mudun. Nawa zai sayad da su? Kuɗin da bai fi na manyan karfasa biyu ko uku ba.

To, a ce ya bar su. Mun sani ba duka za su rayu ba, tsuntsu zai ci, babban kifi zai ci. A ce cikin kowane 10 guda 1 ne ya tsira. Ya zama 50 ke nan. Bayan shekara guda ga manyan karfasa 50, kowace ta cika tafin hannu, waɗansunsu kuma sun riga sun zuba nasu ƙwai. Wanne ya fi, 3 ko 50?

Kowane manomi ya sani ba a cin iri. Ko yunwa ta yi tsanani, a kan ɓoye damin iri a rumbu. 'Ya'yan kifi su ne irin masunci.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Wani zai ce, "Malam, ni talaka ne. In na bari yau, me yarana za su ci? In kuma na bari, maƙwabcina ba zai bari ba." Wannan magana gaskiya ce, ba kuwa za mu raina ta ba. Shi ya sa aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai gari duka ya yarda, har da baƙin masunta da su ke sauka a tungayenmu.

Kuma ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu suna da tafkunan da ba a taɓawa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Ku dubi Argungu. Ruwan Matan Fada a kan tsare shi, ba a su a cikinsa sai ranar biki, bikin da aka fara tun 1934. Shi ya sa a ke fid da manyan giwan ruwa a wurin. Abin da mutanen Afo suka koya a 1982, mu mun gāje shi tun kaka da kakanni. Sakaci ne ya sa muka yar.

Ga abin da kowane gari zai iya farawa da shi bana:

1. A zauna da hakimi da mai gari da Sarkin Ruwa da masunta, a zaɓi wuri ɗaya mai burugu, ko bakin rafi ɗaya, a kafa masa alama, a ce nan gidan kifi ne, ba a su a ciki.

2. Sa'ad da ruwa ya fara hawa fadama, a ɗaga wa kifi ƙafa. Kada a toshe bakin rafi gaba ɗaya da shinge ko gura. A bar hanya kifi ya shiga, 'ya'yansa su fito.

3. A auna idon taru. Dokar da aka kafa a shekarun 1990 ta ce tarun kafawa kada idonsa ya gaza inci 3, birgi kuwa inci 2. Mai sayen sabon taru ya auna tun a kasuwa.

4. In ƙaramin kifi ya shigo da rai, ko karfasa mai ƙwai a baki, a mai da ita ruwa.

5. Mata masu banda da masu saye a kasuwa su ƙi karɓar 'ya'yan kifi da kifin guba. In babu mai saye, babu mai kamawa.

6. Wanda aka gani da guba ko nakiya, a kai maganarsa ga mai gari da ma'aikacin kifi, ko ɗan wane ne.

7. A rubuta abin da aka yarda a takarda, da tarar wanda ya karya, a karanta a gaban jama'a ranar kasuwa. A kuma riƙa rubuta kamun kowane wata, don a ga ko ana ci gaba.

Shekarar fari za ta yi wuya, kada mu ruɗi kanmu. Mai gona ya ƙara ƙarfi ga gona a watannin hani, masu hali su taimaki marasa hali. Amma a nan mun fi mutanen teku sa'a. Murjani in ya farfashe, sai an yi shekaru masu yawa kafin ya komo. Burugu kuwa damina ɗaya ta ishe shi ya tofo, karfasa ma ba ta cika shekara ba ta ke fara haihuwa. In mun ba ruwanmu hutu kaɗan, zai biya mu da sauri.

Iyayenmu sun bar mana kogi da kifi a cikinsa. Mu ma mu yi ƙoƙari mu bar wa 'ya'yanmu haka. Allah ya taimake mu, amin.

TAMBAYOYI

1. Mene ne murjani, me ya sa kuma kifin teku ya ke taruwa a wurinsa?
2. Me mutanen Afo suka yi a 1982, me suka samu?
3. Daga ina farin ruwa ya ke zuwa, daga ina kuma baƙin ruwa?
4. A ina karfasa ta ke ajiye ƙwanta?
5. Faɗi abubuwa biyar masu rushe gidan kifi. Wanne ya fi yawa a garinku?
6. In 'ya'yan kifi 800 ne, cikin kowane 10 guda 1 ya tsira, nawa za su girma?
7. Wane wuri ne a ruwan garinku ya kamata a keɓe? Ku rubuta sunansa, ku kawo dalili.